Numfashin Baba a Cikin Faifai

Zuwa ga ƙanina, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da 'yar ƙaramar nan da har yanzu a waya kawai muka san fuskarta. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya raya mana ita, Ya sa albarka a aikinka, Ya kuma tsare ku daga sanyin ƙasar da kuka tafi da ƙafarku ba tare da wani ya aike ku ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, wanda yake warkewa sarai duk ranar da aka ce za a kai ta asibiti. Gwaggo ta zo mana da niyyar kwana biyu, yanzu har ta mallaki ƙusarta ta rataye mayafi a bayan ƙofa, kuma babu mai ƙarfin halin tambayarta ranar komawa. Abban yara ya sami ƙarin girma a ofis, wato an ba shi kujera mai juyawa da aikin mutum biyu. Babbar 'yata ta shiga shekarun da ba ta jin kira sai an zare mata abin sauraro daga kunne. Ni kuwa ina nan a jami'a ina koya wa 'ya'yan mutane lissafin da suka rantse ba za su taɓa amfani da shi ba.

Na san za ka yi mamakin ganin doguwar takarda daga wurina. Na zaɓi rubutu ne domin a waya ba ka bari a kai aya, kuma maganar da ke bakina tana son a ji ta har ƙarshe. Maganar Baba ce da faifansa. Ka tuna ranar da likita ya duba hoton ƙirjinsa ya ce huhun ya gaji, busa saksafon ya zama abin da za a yi wa bankwana. Baba bai yi gardama ba, kuma hakan ya fi hoton tsorata ni. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya ɗauki faifai guda tare da abokansa biyu da suka rage kafin ya rufe akwatin saksafon ɗinsa. Mutum ya shafe rayuwarsa yana busa jaz a otal-otal da ɗakunan taro, amma babu ko waƙa ɗaya tasa da aka ɗauka yadda ya kamata. Likitan ya amince, da sharaɗin kada a ja abin da tsawo, domin a cewarsa duk busar da Baba zai yi yanzu daga ɗan abin da ya rage masa ake cirewa. To ka ga ba numfashin da za a yi almubazzaranci da shi ba ne.

Da ka ce ka ɗauki nauyin aikin daga can, duk mun yi murna, Baba ya fi kowa, ko da yake ya nuna ta ne ta hanyar tambayar ko ka san inda ake kunna na'urar. Sana'arka ce, kuma na san mawaƙan da yaran zamani suke haddace waƙoƙinsu ta hannunka suke bi. Ka tsara mana komai yadda kuke yi a can. A je situdiyon abokinka mai sanƙo, kowa ya shiga shi kaɗai, a sa masa abin sauraro a kunne da ƙas-ƙas ɗin nan mai ƙirga lokaci, a ɗauki nasa daban, sannan a turo maka ka haɗa. A takarda tsarin ba shi da aibi. Ni na kai su a motata, tsofaffi uku da ƙaton bas ɗin Kawu Alƙali, garayar Turawan nan mai tsayin mutum, wanda sai da muka kwantar da kujera kansa ya leƙo ta taga kamar fasinja mai jin amai. Kawu Dogo mai ganga, wanda ka san har yau bai kai kafaɗata ba, shi aka fara turawa cikin ɗan ɗakin nan mai bangon soso. Bai daɗe ba ya zare abin kunnen ya ce wa mai sanƙo ya kashe masa agogon asibitin nan, shi bai zo jinya ba. Aka yi masa bayani, aka mayar masa. Ta gilashi nake kallonsa, kowane ɗan lokaci sai ya waiwaya hagu, inda babu komai sai bango. Daga baya ya gaya mini kafaɗar Baba yake nema. Ya ce tun suna samari bai taɓa ƙirga lokaci ba, kafaɗar Baba yake kallo, idan ta ɗaga ya san za a ja numfashi sai ya sassauta, idan ta sauka ya danna.

Kawu Alƙali, da ba ya barin magana ta wuce bai yanke mata hukunci ba, ya kaɗa nasa ba kuskure ko ɗaya, ya fito ya ce ya ji kamar yana ba wa mutumin da ya riga ya tashi daga wurin amsa. Sannan aka shigar da Baba. Auta, ban so ka ga wannan ba, amma tunda ba ka gani ba dole in gaya maka. Yana tsaye shi kaɗai, abokansa suna cikin kunnensa amma ba sa jinsa. Idan numfashi ya yanke masa gangar ba ta jiransa, domin an riga an kaɗa ta, ta wuce abinta. Sai a tsaya, a koma baya, a sake. Aka sake, aka kuma sakewa. Mai sanƙo yana ta kwantar masa da hankali cewa kada ya damu, duk guntun da ya yi kyau Auta zai tsince shi ya ɗinke. Baba ya ce ashe tela ya haifa bai sani ba. Muka yi dariya, shi ma ya yi, amma a hanyar komawa gida ya jingina kansa da kujera, hannunsa a ƙirji, har muka iso.

Aikinka ya iso mana wata ranar Asabar da hantsi. Na haɗa wayata da manyan lasifikokin nan na falo, Inna ta bar abin da take yi a kicin ta zo da ludayi a hannu, Gwaggo ta gyara zama. Gaskiya ka yi aiki, ba zan rage maka ko ƙwayar zarra ba. Sautin ya cika ɗakin har kwanukan da ke cikin kabad suna amsawa. Babu tari, babu haki, babu inda busar ta karkace. Gwaggo ta ce wannan ai ko a rediyo. Baba ya saurara har ƙarshe idonsa a rufe. Da aka gama ya ce lalle wannan mai busar gwani ne, huhunsa kamar na ɗan tsere, tun daga farko har ƙarshe bai ja numfashi ko sau ɗaya ba, idan na yi waya da kai in ce ka gaishe masa da shi. Na ɗauka zolaya ce irin tasa. Da la'asar sai na same shi yana goge saksafon ɗin a hankali, ya cire ɗan siririn katakon bakinsa, ya kwantar da shi a akwati, ya sa Abban yara ya ɗora masa a saman wadrob.

Abin da ya gaya maka a waya, cewa aiki ya yi kyau Allah Ya yi albarka, da zuciya ɗaya ya faɗa. Abin da ya gaya wa Inna ne ba ka ji ba. Ya ce mata ya ƙirga wuraren ɗinkin da kunnensa, kuma idan har sai da yaron nan ya yi wannan uban gyara kafin a iya sauraronsa, to ashe ya daɗe da ƙarewa, mutane ne suke jin nauyin gaya masa. Ka ga inda abin ya karkata. Kai ka cire hakin ne don kada duniya ta ji mahaifinka yana wahala. Shi kuwa ya karanta shi a matsayin takardar sallama daga ɗansa. Daga ranar ya daina 'yar busar bakin nan da yake yi idan yana aske gemu. Ya koma zaman baranda yana kallon mai walda na tsallaken titi kamar an ba shi aikin duba shi. Inna ta ce ita ciwon huhun ba ya ba ta tsoro kamar wannan zaman.

Ka san halina, idan abu ya dame ni sai na mayar da shi bincike. Na kwaso tsofaffin faya-fayan jaz na Baba, na karɓi wayar 'yata da waƙoƙinta na pop da rok bayan doguwar tattaunawar sulhu, na yi ta sauraro ina kwatantawa. Tambayata ita ce me ya sa faifan da aka ɗauka tun Inna tana budurwa yake sa ka ji kamar mutanen suna cikin falon, har kana iya nuna inda mai ganga yake zaune, alhali waƙar da aka yi bana da na'urori masu tsada take zuwar maka kamar bango. Na koma wurin mai sanƙo ya buɗe mini su a kwamfuta. Hoton sautin tsohon faifan kamar tuddai da kwaruruka, nan ya hau, nan ya sauka har ya kusa ɓacewa. Na waƙar 'yata kuwa kamar bulo, sama a miƙe, ƙasa a miƙe. Naka na Baba ma bulo ne, sai dai bulo mai kyau. Mai sanƙo ya ce shi ma kullum irin bulon nan yake bugawa, domin duk mawaƙin da ya shigo abin da yake fara roƙo shi ne kada waƙar wani ta fi tasa ƙara. Sai a ɗaga raɗa, a danne ihu, a matse su su zama tsayi ɗaya. Nan take na tuna wata ɗalibata da take ja wa kowane layi na littafinta jan biro don kada muhimmin abu ya wuce ta. Ranar jarrabawa ta buɗe littafin, ko'ina ja, ta rasa inda za ta sa ido.

Kada ka ce na haɗa kai da tsofaffi a kanka, domin na gwada abin a mota ma, kuma a can kai ka ci. A cikin cunkoso, ga hon, ga masu talla, ga injin motar da ke gabana, rabin tsohon faifan ɓacewa ya yi, sai na ƙara murya, da mai ganga ya bugi farantin ƙarfensa kuma in zabura in rage. Naka kuwa ya ratsa hayaniyar tsaf. Sai na gane kowa da wanda yake yi wa aiki. Kai kana yi wa mai tafiya ne, wanda yake ji da rabin kunne ta lasifikar waya, kuma dole waƙa ta cafke shi kafin ya danna ta gaba. Masu jaz sun yi sa'a, masu sauraronsu kaɗan ne kuma zama suke yi, saboda haka babu wanda ya damu ya matse su. Akwai kuma wani abu. Saksafon da bas da ganga suna da muryarsu a cikin iska tun kafin a kawo wuta, aikin makirufo kawai kada ya yi ƙarya. Jitar rok kuwa ba ta da murya sai ta bi ta waya da akwatin lasifika, waƙar pop kuma gini ce da ake ɗorawa bulo bisa bulo, babu wata rana da aka taɓa yin ta gaba ɗaya a ɗaki guda balle a ce ga yadda take. Wannan ba laifi ba ne, sana'a ce daban. Amma abin da su Baba suke yi hira ce. Wannan ya faɗa, wancan ya amsa, ɗaya ya yi ƙasa da murya sai sauran su matso. Idan ka ɗauki kowa a ɗakinsa ka haɗa, kalmomin duk suna nan, hirar ce babu.

Gane wannan bai sauko da akwati daga saman wadrob ba. Na je na zauna kusa da Baba a baranda na yi masa bayanin tuddai da bulo, da misalai, kamar yadda nake yi a aji. Ya saurare ni da ladabi irin na ɗaliban layin baya, ya ce Allah Ya ƙara ilimi, ya ci gaba da kallon mai walda. Inna ce ta ce in tashi in ba ta wuri, karatuna ya yi yawa. Ta aika aka kira Kawu Dogo da Kawu Alƙali, ta ce musu su zo da kayansu su yi gwaji a ɗakin baya, wanda muke tara tarkace a ciki, kuma kada wanda ya gayyaci maigidan. Ta ce su kaɗa waƙar nan tasa mai sanyi, amma su yi ta da gudu kamar ana korarsu. Kawu Alƙali ya ce wannan zalunci ne a kan waƙa, amma zai aikata shi saboda maslaha. Ni kuma na kira mai sanƙo na ce ya zo da abin da zai iya ɗaukowa a jaka ɗaya, ya zauna a kicin ya jira.

Suka fara bayan azahar. Baba yana baranda, ni ina falo ina yi kamar ina duba takardu. Da farko ko motsi bai yi ba. Can sai na ga yatsun ƙafarsa suna ƙoƙarin ja da waƙar baya. Ya yi tsaki. Ya sake yin tsaki. Sai ya miƙe, ya bi ta gabana yana jan silifas, ya tura ƙofar ɗakin baya ya tambayi Kawu Dogo ko gobara ce ta tashi a gidansu da yake wannan sauri. Kawu Dogo ya ce shi haka ya san waƙar, idan akwai mai ƙorafi ya kawo shaida. Baba ya kira shi gajeren banza, ya ce shekara nawa yana koya masa natsuwa abin bai shiga ba. Kawu Alƙali ya ce a shari'ance mai suka da baki ba a karɓar maganarsa sai ya nuna yadda ake yi. Baba ya tsaya yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, na tabbata ya gano tarkon. Sai ya juyo ya ce mini, ba tare da ya haɗa ido da ni ba, in sa a sauko masa da akwatin nan, zai nuna wa jahilan nan abu ɗaya kawai ya mayar.

Mai sanƙo ya shigo da makirufo biyu kacal a kan sanda ɗaya, ya kafa su a tsakiyar ɗakin. Ban ga ya murɗa wani abu sosai ba, mutanen ya yi ta murɗawa. Ya tura Kawu Dogo can jikin bango kusa da tsohuwar katifar nan da aka jingine, domin gangarsa tana cinye kowa. Ya jawo Kawu Alƙali gaba kaɗan. Ya zaunar da Baba a kujerar roba inda duka biyun za su ga kafaɗarsa. Aka kashe fanka, aka rufe taga, Inna ta aika wa mai walda cewa ya ɗan huta, ya kuwa huta don yana tsoronta. Gwaggo aka ba ta aikin tsaron ƙofa, aikin da ya dace da baiwarta. Babu abin kunne, babu ƙas-ƙas. Baba ya ɗaga kafaɗa, suka shiga.

Ba zan ce maka ya yi busa irin ta da ba, ƙarya ba ta cikin abin da na gada. Jimlolinsa sun gajarta. Inda da yake tafiya mai nisa da numfashi ɗaya, yanzu sai ya yanka ta gida uku. Amma duk inda ya tsaya jan iska, Kawu Alƙali yana sa masa ƙwaya biyu ko uku na bas a wurin, kamar mai riƙe wa mutum ƙofa, har ka ɗauka da ma haka aka tsara waƙar. Da ya yi ƙasa da murya, Kawu Dogo ya ajiye sanduna ya ɗauki 'yar tsintsiyar wayar nan yana shafa fatar gangar, ɗakin ya yi tsit har ina jin maɓallan saksafon suna taɓa juna. Akwai wuri ɗaya da busar ta tsage. Baba ya ɗaga gira, ya koma kan tsagewar ya maimaita ta da gangan, ya mayar da ita ado. Kawu Dogo ya yi wata 'yar dariya ta hanci, tana nan a cikin faifan. Inna tana tsaye a bakin ƙofa ta ce zafin ɗakin ne yake sa mata ruwan ido.

A waƙa ta ƙarshe ne abin da ya sa na ɗauki biro ya faru. Sun kai tsakiya, Baba ya gama zagayensa, Kawu Alƙali ya yi nasa. Maimakon Baba ya dawo ya rufe, sai ya sauke saksafon ɗin ya ɗora a cinya. Na miƙe da maganin shaƙarsa a hannu, ya ɗaga mini yatsa ɗaya in zauna. Sannan ya juya ya gyaɗa kai wajen kusurwar ɗakin, irin gyaɗawar da yake yi wa mutum idan lokacinsa ya zo. A kusurwar babu kowa sai tsohon fiyanonka, wanda ka koyi kiɗa a kai kafin ka koma wa na'urori, yana rufe da zanin gado, kwalayen littattafaina a samansa. Su Kawu suka rage murya, suka ci gaba da tafiya a hankali, bas da tsintsiya kawai, suna raka wanda ba ya nan. Zagaye guda cur suka yi a haka, Baba yana kaɗa kai yana sauraron abin da mu ba ma ji. Da wurin ya cika ya ɗaga saksafon ya shigo ya rufe waƙar.

Bayan an kashe na'ura, yana haki, na tambaye shi mene ne wannan ramin da ya bari. Ya ce ba rami ba ne, wurin Auta ne. Kawu Alƙali ya tuna masa cewa shi ne mutumin da ya rantse kiɗan da ba a yi a ɗaki ɗaya ba ba kiɗa ba ne. Baba ya ce har gobe yana kan bakansa, amma yaron yana nesa, kuma tunda Allah Ya ba shi sana'ar shiga ɗakin da ba ya ciki, to ya shigo ta hanyar da ya iya. Ya ce in gaya maka abu biyu. Ka zauna ka saurari waƙar tun daga farko kafin ka taɓa fiyano, don ka san abin da aka ce kafin ka ba da amsa. Sannan kada ka ɗaga muryarka ta fi ta ɗakin, ka shigo kamar wanda ya tarar da manya suna magana. Kawu Dogo ya ƙara nasa, wai idan yatsunka sun yi tsatsa kada ka ɗinke, su ma kurakuransu a waje suke.

Mai sanƙo zai turo maka komai yadda aka ɗauke shi, bai taɓa ko'ina ba. Roƙona gare ka, ni yayarka da ta goya ka, ka bar hakin, ka bar ƙarar kujerar roba, ka bar wurin da ya tsage. Na san hannunka zai yi ta ƙaiƙayi, ka zauna a kansa. Likita ya sake duba Baba bayan ranar, ya ce an kai iyaka, kuma wannan karon Baba da kansa ya rufe akwatin yana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Ya saurari sauran waƙoƙin ya fi a ƙirga, yana nuna wa duk wanda ya shigo inda Kawu Dogo ya makara. Ta ƙarshen ce kawai ya hana a kunna. Ya ce ba a sauraron waƙar da ba a gama ba. Kullum da safe idan na leƙa gaishe shi, kafin ya tambayi yara sai ya tambaya ko an ji daga wajenka, sannan ya ce ba wai yana gaggawa ba ne. Shi ba zai ce maka ka yi sauri ba. Ni ce nake ganin yadda yake hutawa tsakanin ɗaki da baranda, kuma ni nake ce maka kada ka tsaya neman ya yi kyau sosai. Ka buga abin da ya zo maka, ka turo.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci, a hoton da ka turo wuyanka ya yi tsawo. Gwaggo tana gaisuwa, haka Abban yara da yaran duka. Kawu Dogo da Kawu Alƙali sun ce a miƙa gaisuwarsu. Ka gaishe mini da maiɗakinka da kyau, ka ce na gode da haƙurin da take yi da ɗan gidanmu, ka kuma sumbaci 'yar ƙaramar a goshi a madadina. Allah Ya tsare ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Baba yana baranda yanzu haka, na ce masa takarda nake rubuta maka, ko yana da saƙo. Ya ce a'a, ya riga ya faɗi nasa, kai ake jira.

Taka har kullum,
Yayarka.